Kawuna, Likita Marar Allura

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya cika da hantsi a zauren gidansa na Birnin Konni, da takalmi a ƙafarsa, yana tsakiyar yi wa wani tsoho faɗa a kan gishiri. Kafin azahar an yi masa sutura, kafin la'asar maza sun dawo daga kai shi. Ni ɗiyar yayarsa ce, malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma da ba don shi ba da yanzu ko inda kabarina yake ba mai iya nunawa. Kwana bakwai na yi a gidan makoki ina kai ruwa ina kwashe kwanoni, kunnena kuwa a buɗe. Abin da na ji a kwanakin nan shi ya sa na ɗauki alƙalami. An rufe Kawu da ƙasa, wannan hukuncin Allah ne, na karɓa. Amma a sake rufe shi da baki, wannan kam ban yarda ba.

Masu kuka sun yi kuka. Akwai wani direba mai jigilar albasa da ya durƙusa a bakin zaure yana rusa kuka har sai da liman ya tsawata masa. Matan ƙauyukan Malbaza sun zo a amalanke, kowace da ɗan ƙullin gero ko wake. Wasu ban taɓa ganinsu ba, amma kowace ta san ɗakin da ake ajiye tabarmar baƙi. Waɗannan ba ni da magana da su sai godiya.

Maganata da waɗansu ce. Ta bayan katanga na jiyo wani babba daga buro, ofishin gwamnati, mai muryar wanda ya saba a tashi in ya shigo, yana cewa, "Allah shi gahwarta mai. Amma da karatun da yay yi, da Yamai yaz zamna da ya zama wani abu. Sai yaƙ ƙare ga buɗe tukwanen mata." A cikin gida kuma Gwaggo, yayar marigayi babanmu, ta gyara mayafi ta ce wa matan da ke kusa da ita, "Mutumen kirki na, Allah shi jiƙan shi. Amma likita marar allura ni dai ban taɓa gani ba sai shi. Ka tai da ciwo, shi tambaye ka mi kac ci." Mata suka yi dariya ƙasa-ƙasa, wai don kar a ji.

Inna, mahaifiyata, ita ce yayarsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta yi hawaye ba. Da aka fito da makara ta dubi ƙasa ta ce, "Ku ce ma ɗan lakwal ko nan ma bai jira babba ba." Haka take masa magana shekara goma sha biyar ke nan, ta bakin wasu, ko da suna zaune a tabarma ɗaya. Zan zo ga dalili.

Abin da ya tayar mini da hankali a ranar shi ne autarmu. Kwananta goma da haihuwar fari, tana wankan jego a gidan Inna, a ƙauyenmu kusa da Illela. Inna za ta zauna makoki har sadakar bakwai, sai Gwaggo ta ce ita za ta koma da sassafe ta karɓi wankan. Gwaggo ta wuta ce da kanwa, irin jegon da ya kusa kashe ni, kuma mutum ɗaya da ke iya taka mata burki shi ne aka fita da shi yanzu. Na so in bi ta, amma matar Kawu ta shiga takaba, gidan duk a kaina yake. Na yi saƙo a gaya wa Gwaggo kar a ba Auta kanwa. Na san inda saƙon zai ƙare, amma na zauna, kuma har yau ina jin nauyin zaman nan.

Bari in fara da zancen allura, tun da shi ne abin dariya. A ƙasarmu in ka je likita, wato asibiti, ba a soke ka ba, to ba a duba ka ba. Kawu yana da allura, na sha ganin yana dafa ta a wani ɗan akwatin ƙarfe, kuma in ciwo na allura ne ba ya jira. Abin da ya ƙi shi ne ya soki mutum don kawai ya koma gida yana ɗingishi yana alfahari. Kafin ya taɓa ka sai ya yi maka tambaya uku, kullum su ne, har yaran unguwa sun haddace suna kwaikwayo: "Mi kac ci jiya? Wa yad dahwa? Da wa kaka hushi?" In ka kawo yaro mai gudawa sai ya ce a nuna masa rijiyar. In mace ta zo da ciwon kai da ya ƙi ƙarewa, sai ya ce mijin ma ya zo. Bai taɓa yarda mutum yana ciwo shi kaɗai ba. Yakan ce, "Kai anka kawo, amma gidanku na ba lahiya."

Direban nan da ya yi kuka a bakin zaure, da haka suka saba. Ya zo wata rana da ciwon kai da jiri, ya ce allura yake so mai ƙarfi, yana da lodi zuwa kudu. Kawu ya auna shi ya ga jininsa ya hau. A tambaya ta uku mutumin ya furta cewa damina biyu ba ya magana da wansa a kan rikicin iyakar gona, alhali katanga ɗaya ce tsakanin gidajensu. Kawu ya rubuta masa ƙwaya, ya hana shi gishiri da romon tasha, ya ce, "In ka koma gida ka gaida wanka." Direba ya fita yana ƙunƙuni, ya tsallaka iyaka, wani mai tiren magani ya narka masa allura a gindin bishiya. Bayan mako sai ga shi a amalanke, a kife, ɗuwawu ya kumbura ya tara ruwa. Kawu ya tsaga wurin ya wanke, mutum yana ihu yana kiran uwarsa. Da ya gama ɗaure masa bandeji sai ya sunkuya ya ce a kunnensa, "To, ga allura ka samu. Ka gaida wanka?" Wan nasa ne ya riƙe shi ranar makoki ya ɗaga shi daga ƙasa.

Bai raina maganin gida ba, duk mai cewa haka bai san shi ba. Ya fi kowa rubuta wa mutane zogala da wake. Yakan zauna da wanzamai ya sha fura da su, ya koya musu dafa aska. Ungozomomin ƙauyuka yana kiran su abokan aiki, ya raba musu sabuwar reza ta yankan cibi. In karaya mai sauƙi ce, akwai maɗorin da shi da kansa yake tura mutane wurinsa. Abin da ke da amfani yana riƙewa, abin da ke kisa yana faɗa, ko a gaban wa.

Ba waliyyi nake rubutawa ba. Kawu yana da baki mai zafi, kuma bai san lokaci ba. Sau nawa matarsa ta ɗumama tuwo har ya gaji da ɗumi, shi yana can yana sasanta surukai. Zancen buɗe tukwane ma gaskiya ne. Yana yin sallama, kafin a gama amsawa ya kai murhu ya ɗaga murfi ya ɗanɗana miya, ya ce, "Wagga miya ta kai mutum ukku kabari." Mata da yawa sun ji haushinsa, wasu ma sukan ɓoye tukunya in sun ji ƙarar babur ɗinsa. Amma su ɗin ne dai ke aiko masa in jiki ya rikice.

Sunan ɗan lakwal kuwa tsoho ne. Zamanin Nasara, da dogarin sarki ya zo ƙauyenmu rubuta yara, iyaye sun ɗauka duk wanda aka tafi da shi an rasa shi ke nan. Inna tana 'yar shekara goma sha biyu ta ɗauki ƙanenta ta jefa a rumbu, ta rufe shi da damman gero, ta kafa turmi a gindin rumbun tana daka kamar ba komai. Dogari ya duba ɗaki, ya duba bayan gida, har ya juya zai fita, sai murya ta fito daga cikin rumbu: "Yaya, sun tahi?" Ko bayan da ya yi furfura, in aka tayar da labarin sai Inna ta ce, "Tun ran nan bakinai ka ja muna."

Daga rumbun nan ya tafi lakwal a Konni, ya wuce Yamai, ya dawo malamin asibiti. Ya yi shekaru yana wanke gyambo, sannan ya sake komawa benci da gemunsa har ya zama cikakken likita. An so a riƙe shi a babban birni, ya ce a mayar da shi inda ya san kakannin marasa lafiyarsa. Ya yi Konni, ya yi Malbaza, ya yi Illela, da ya ajiye aikin gwamnati kuma zaurensa ya zama asibiti. Akwai gidajen da ya karɓi haihuwar uba, ya yi wa ɗa rigakafi, ya rufe wa kaka ido. Wannan shi ne abin da babban buro ya kira rashin zama wani abu.

Haihuwata ta fari ta zo a shekarar da fari ya cinye gonaki aka kuma rufe iyaka. Na tafi wankan gida wurin Inna. Ni ce ɗiyarta ta fari, don haka tun da na yi wayo ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa yi mini wasa a gaban mutane ba, kunya ta hana. Sai ga kwana arba'in da al'ada ta ba ta dama ta kula da ni ido na ganin ido. A shekarar da mutane ke cin dusa, Inna ta sayar da tunkiyarta ta sayi itace da jar kanwa. Safe da yamma ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen dogon yaro ta riƙa fyaɗa mini yana tururi. Ta hura garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa ta kwantar da ni a kai. Kunun kanwa kuwa ƙwarya ba ta taɓa zama fayau ba. Duk don kar sanyi ya shige ni. Ban taɓa jin Inna na sona ba kamar a kwanakin nan, kuma ina faɗar haka ne don kar wani ya ɗauka mugunta ce.

Wajen kwana ashirin ƙafafuna suka kumbura, awarwaro ya nutse a hannuna. In na kwanta sai numfashi ya ƙi, dole in kwana a zaune jingine da bango. Daga ɗaki zuwa bayan gida ina haki kamar wadda ta ɗauko tulu daga rijiya mai nisa. Tsofaffi suka taru suka duba suka ce sanyi ne ya sami ƙofa. Aka ƙara itace, aka ƙara kanwa. Ina ƙara kumbura, ana ƙara ƙarawa.

Kawu yana Malbaza a lokacin, ƙyanda ta hana shi zuwa suna. Ranar kasuwar Illela sai ga shi a babur da sabulu da turmin atamfa, ya zo barka. Yana shiga ɗakin ya ajiye kayan a ƙasa, ko jinjirin bai duba ba. Ya durƙusa ya danna babban yatsansa a ƙwaurina, leɓensa na motsi yana ƙirge, sannan ya ɗaga. Wurin ya zauna rami, kamar an danna tuwon jiya. Ya saurari ƙirjina da bayana da robarsa, ya jawo ƙwaryar kunu, ya kurɓa da ludayi, ya fita tsakar gida ya tofar.

"Yaya, kanwa nawa kika sa ma kunun ga?"

Inna tana iza wuta, ba ta ɗago ba. "Gwargwadon sanyin da yak kama ta."

"Ba sanyi na ba. Zucciyatta ta gaji. Kanwa na riƙe ruwa ga jiki, zahin ga na ƙara ma zucciya aiki. In kunka ci gaba ba ta ganin arba'in."

"Da kunun ga anka yi jegonka, ɗan lakwal, ga ka tsaye kana yi mani hwaɗa cikin gidana."

"Da shi anka yi jegon Yaya Babba. Tana ina?"

Yaya Babba ita ce babbarsu, ta rasu a jegon fari suna yara, aka ce sanyi ne ya kashe ta. Da Kawu ya tsaya nan da an wanye lafiya, amma bakin nan nasa bai iya tsayawa ba. Ya ce, "Haka ƙahwahunta sunka yi, na gani. Ke ma kin gani, ke ka hura wutar."

Daga inda nake zaune ina hangen Inna. Ta ajiye itacen da ke hannunta a hankali, ta shiga ɗakinta ta saki labule. Yarinya ce lokacin, an ce hura ta hura, don tana son yayarta. In maganar Kawu gaskiya ce, to da hannunta aka yi. Bayan shekaru shi da kansa ya ce mini, "Gaskiya ta, amma ba ta cikin magani. Da na haɗiye ta."

Bai hana wanka ba, ku da kuke cewa ya raina al'ada ku ji da kyau. Bai kuma fitar da ni daga gidan ba, don ya san in aka fita da mai jego kafin arba'in, Inna ba ta sake ɗaga kai a garin. Sai ya yi ciniki. Wanka a yi shi safe da yamma har arba'in, amma mai wankan ta fara tsoma gwiwar hannunta, in ba ta jure ba a surka. Gado a bar shi ba wuta. Kunu a dama, amma da tsamiya. Miya ba gishiri. Ya ba ni ƙwayoyi, ya ɗauki ƙwaryar jar kanwar da aka sayar da tunkiya dominta, ya kai turke ya zuba wa awaki. Ya aika Malbaza cewa yana da marar lafiya, ya shimfiɗa tabarma a zaure ya yi kwana huɗu. Duk abin da za a ba ni sai ya ɗanɗana. Kowace safiya ya danna ƙwaurina a gaban matan da suka taru kallo, ya sa ungozoma ita ma ta danna, ya ce musu, "In ramin ya tsaya, ba sanyi na ba. Ku kashe wuta ku nemo ni." Na yi ta fitsari har na ji kunya, a kwana na huɗu awarwaro ya zame ya dawo wuyan hannu, na kwanta na yi barci.

Inna ta bi duk abin da ya ce, ba ta saɓa ko ɗaya ba, amma da baki ba ta taɓa amsawa ba. Ga duk wanda ya zo dubiya cewa take rubutun malam ne ya tashe ni. Kuma tun daga ranar ta daina yi masa magana kai tsaye. "Ku ce ma ɗan lakwal tuwonai na hucewa." Shi kuma ya amsa, "Na ji, Yaya." Ya yi mata maganin ido, ya yi mata na gwiwa, duk ta bakin ɗan aike yana zaune a gabanta. Kowace kaka sai ta aika masa daddawa da kuka, ta ce kar a ce ita ta bayar. Yana karɓa ya shinshina ya ce, "Ku ce ma wadda ba ta aiko ba na gode."

Sauran haihuwata a Konni na yi su kusa da shi, kuma tsakanina da Auta duk maza ne. Jegon Auta shi ne na farko da ya sake faɗowa hannun Inna. Ranar suna Kawu ya je, ya danna ƙafar Auta ya ga lafiya, ya surka ruwan wanka da hannunsa, ya tarar da ƙullin kanwa da Gwaggo ta kawo ya jefa a jakarsa. Inna ta ce, "Ku ce ma ɗan lakwal gidan ga da mai shi." Ban iya gane inda ta tsaya ba. Ya ce zai dawo ranar kasuwa. Kwana uku bayan haka ya cika.

Da aka yi sadakar bakwai da safe, ni da Inna muka kama hanya. Mun isa gida gab da la'asar, tun daga zaure hayaƙi ya tarbe mu. Na tarar da Auta a zaune jingine da bango, fuska ta cika, gado yana zafi kamar tanda, ga ƙwaryar jar kanwa a bakin ƙofa. Ta yi mini murmushi ta ce, "Lahiya lau nike, numfashi dai ka yi mani wuya." Kaina na gani zaune a wurin.

Na fita na sami Gwaggo tana iza wuta, mata uku na taya ta. Na durƙusa na gaishe ta yadda ya kamata, sannan na ce a bar kanwar nan, a kashe wutar, ciwon da na yi ne ya kama Auta.

"Ke, rufe mani baki," in ji Gwaggo. "Ni niy yi ma uwarki jegonki. Mai hanawa ya tahi, Allah shi jiƙan shi, yanzu a bar manya su yi aikinsu. Sanyi na. Gobe ma ƙarawa nikai."

Na ce to zan ɗauke ta in kai ta likita.

"Jego ba ta hita. Ba a taɓa yi ba, ba kuma ga ɗiyar ƙanena za a hwara ba."

Matan suka ce gaskiya ne. Na juya wajen Inna, ita kaɗai ke da ikon magana. Ta ɗauki buta ta yi alwala ta tayar da salla, ta daɗe a zaune tana jan carbi. Na tsaya a tsakar gida ina jiran ta. Ban taɓa jin haushin Inna kamar na lokacin ba. Na ce a raina taurin kan nan nata zai ci mutum na biyu.

Aka sauke tukunyar wankan yamma, aka juye a babban kwano, tururi ya turnuƙe. Gwaggo ta ɗauko ganye. Sai Inna ta naɗe abin sallarta ta taso. Ta ture mayafi ta sunkuya ta tsoma gwiwar hannunta a ruwan. Ta fizge ta da sauri, fatar ta yi ja. Ta ce, "A kawo ruwan randa."

Gwaggo ta buɗe baki, Inna ta wuce ta ta shiga ɗaki. Muka bi ta duka. Da gwiwar nan tata mai ciwo ta durƙusa a gaban Auta, ta yaye zane, ta danna babban yatsanta a ƙwauri. Leɓenta na motsi tana ƙirge, yadda yake yi sak. Ta ɗaga. Ramin ya tsaya, kowa ya gani. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe ta kwarara ruwa a garwashin gado, ta ɗauki ƙwaryar kanwa ta kai turke ta zuba wa awaki, ta ce, "A nemo mato."

"Kin haukace?" in ji Gwaggo. "Mi garin ga za shi ce?"

Inna ta ce, "Garin ga ya rufe mani Yaya ban ce komi ba. Ba ya rufe mani Auta."

Abin da Kawu da kansa bai roƙa ba shi ta yi, ta fitar da mai jego da rana tsaka, mutane na tsaye a ƙofofinsu suna kallo. Auta ta yi kwanaki a likitan Illela. Har allura an yi mata, Gwaggo ta sami abin faɗi, ta ce ai ta faɗa. Na bar mata. Auta tana nan da ranta, yaron yanzu rarrafe yake yana jan zanen kowa.

To, babban buro, ga amsarka. Kawu bai zama wani abu ba, sai dai bayan ya kwana bakwai a ƙasa ya yi wa marar lafiya magani da yatsan matar da ta ƙi kula shi. In a Yamai ana koyar da wannan, a nuna mini ajin. Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa zafin bakinsa, ya sa tukwanen da ya buɗe su yi masa shaida ranar da babu mai shaida sai aiki. Mu da muka rage Allah ya ba mu kyakkyawan ƙarshe.

Abu ɗaya ya rage, shi ma don ni kaɗai na ji nake rubuta shi. A bayan motar da ta ɗauke mu zuwa Illela, Auta na jingine a ƙirjina, jinjiri yana cinyar Inna. Mun yi nisa a hanya. Sai na ga Inna ta juya fuskarta kudu, wajen Konni. Na saurara in ji "ku ce ma", har na shirya amsawa, don ni ce 'yar aiken da ta rage. Ba ta ce ba.

"Ɗan lakwal," ta ce. "Na taɓa. Ramin ya tsaya. Kai ad da gaskiya, ka ji?"

Ta jira ya ce na ji, Yaya. Da ba a ce ba, sai ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta fara kukan ƙanenta.